Tara Tsofaffin Agogunan Suwizalan: Adana Tarihi ko Almubazzaranci?

Tara tsofaffin agogunan hannu ƙirar Suwizalan harka ce da ta haɗa abu biyu: mallakar agogon, da bin diddigin tarihin ƙera shi. Masu yin ta sukan kira agogo tsoho idan ya haura shekara 30, amma hankalinsu ya fi karkata ga waɗanda aka ƙera tsakanin 1920 da 1980, wato agogunan inji masu tafiya da wani ko da motsin hannu, ba tare da batir ba. A cikinsu akwai wanda kuɗinsa bai wuce na wayar salula ba, akwai kuma wanda ya fi ƙarfin attajirai da yawa. A watan Oktoba na 2017 an yi gwanjon wani Rolex samfurin Daytona, wanda ya taɓa zama mallakar ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman, a kan dala miliyan 17.75. Shekara guda kafin nan an sayar da wani Patek Philippe na ƙarfe, samfuri mai lamba 1518, a kan faran miliyan 11 na Suwizalan a birnin Jeniba.

Ba don sanin lokaci ake biyan irin wannan kuɗi ba. Agogon inji da ya ci jarrabawar COSC, hukumar gwajin agoguna ta Suwizalan, an yarda masa ya yi jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a rana, alhali agogon batir na kasuwa bai cika yin kuskuren da ya wuce daƙiƙa 15 a wata ba. Daga nan tambayoyi uku ke tasowa ga masu nazarin addini da falsafa. Mene ne ainihin abin da mai tarawa yake saye? Me ke sa a ce agogo na asali ne bayan an shekara hamsin ana gyara shi? Ina kuma iyaka tsakanin ado na halal da almubazzaranci?

Addini da asalin sana'ar

Ƙirar agogo a Suwizalan ta tashi ne a cikin muhawara kan halaccin ado. Bayan da malamin Furotesta Jean Calvin ya koma Jeniba a 1541, hukumomin birnin sun kafa dokokin taƙaita kayan ƙawa, kuma a 1566 aka hana maƙeran zinariya ƙera gicciye da kayan ibada irin na Katolika. Agogo bai shiga cikin hanin ba, domin ana ɗaukarsa kayan amfani a garin da aka tsananta halartar wa'azi a kan lokaci. Maƙeran sai suka haɗa gwiwa da Furotestan Faransa da suka yo gudun hijira ɗauke da ilimin ƙirar agogo, musamman bayan kisan gillar da aka yi musu a 1572, sannan bayan soke dokar Nantes mai ba su kariya a 1685. A 1601 maƙeran agogon Jeniba suka kafa ƙungiyarsu ta sana'a.

Daga Jeniba sana'ar ta hau tsaunukan Jura, inda manoma ke rasa aikin gona tsawon hunturu. Ana danganta yaɗuwarta a garin Le Locle ga Daniel JeanRichard, wanda ya rasu a 1741. Tsarin da ya kafu can shi ne rarraba aiki: wannan gida ya yi ƙafafun inji masu haƙora, wancan ya yi fuskar agogo, wani ya yi gidan da ake saka injin, sannan ɗan kasuwa ya tattara ya harhaɗa. Karl Marx ya kawo garin La Chaux-de-Fonds a littafinsa na 1867 a matsayin misalin garin da ya zama tamkar masana'anta guda. A cikin wannan tsari manyan sunaye suka fito: Vacheron Constantin a 1755, Longines a 1832, Patek a 1839, kamfanin da ya zama Omega a 1848, Zenith a 1865. Kamfanin da ya zama Rolex kuwa a Landan Hans Wilsdorf ya kafa shi a 1905, daga baya ya ƙaura zuwa Jeniba bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yaƙin da ya sa maza suka rungumi agogon hannu a madadin na aljihu.

A ƙasashen Musulmi ma ibada ce ta raya ilimin auna lokaci. Manyan masallatai sun kasance da muwaƙƙiti, malamin da aikinsa ƙayyade lokutan salla, kuma shahararre a cikinsu shi ne Ibnus Shaɗir na masallacin Umayyawa a Dimashƙu, wanda ya rasu a 1375. Kafin shi Aljazari ya kammala littafinsa kan agogunan ruwa da sauran na'urori a 1206. Daga baya hanyoyin biyu sun haɗu a kasuwa: maƙeran Jeniba sun yi zaman sana'a a Santambul, ciki har da Isaac Rousseau, mahaifin masanin falsafa Jean-Jacques Rousseau, kuma an ƙera agoguna masu lambobin Daular Usmaniyya don masu saye na can.

Yadda kayan aiki ya koma kayan tarihi

Har zuwa ƙarshen shekarun 1960 agogon inji kayan aiki ne na direban jirgi, likita, soja da mai ninƙaya a ƙarƙashin teku. Hukumar NASA ta zaɓi Omega Speedmaster a 1965 saboda ya jure gwaje-gwajen zafi, sanyi da girgiza, kuma shi ne a hannun Buzz Aldrin sa'ad da ya taka duniyar wata a 1969. A ranar 25 ga Disamba ta wannan shekara kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da dutsen kwatz da aka kai kasuwa. Cikin 'yan shekaru farashin irinsa ya faɗi warwas. Ma'aikatan agogo a Suwizalan, waɗanda suka kai kimanin 90,000 a 1970, sun ragu zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, kamfanoni kuma suka sauko daga kusan 1,600 zuwa kusan 600.

A wannan rikici aka yi asarar kayan aiki da kundaye masu yawa. Labarin da ya fi shahara shi ne na Charles Vermot, ma'aikacin Zenith. A 1975 masu kamfanin na lokacin, Amurkawa, suka ba da umarnin zubar da kayan ƙera injin El Primero na 1969. Vermot ya kwashe injunan buga ƙarfe, zane-zane da bayanan aiki ya ɓoye a saman rufin masana'antar. Bayan kusan shekara goma aka fito da su aka ci gaba da ƙira, har Rolex ya yi amfani da wannan inji a Daytona daga 1988 zuwa 2000.

Da agogon inji ya rasa matsayinsa na sarkin aiki, sai darajarsa ta koma kan abin da batir ba zai iya bayarwa ba: gwanintar hannu da tarihi. A shekarun 1980 kasuwar masu tarawa ta bunƙasa, gidajen gwanjo suka fara keɓe ranaku don agogunan hannu. Wannan ya amsa tambaya ta farko. Abin da mai tarawa yake saye shi ne shaida: cewa wannan ƙarfe ya fito daga masana'anta kaza, a shekara kaza, da siffa kaza, kuma ya iso yau a yadda aka ce. Idan shaidar ta rushe, mafi yawan kuɗin ya rushe tare da ita, ko da agogon na tafiya lafiya lau.

Hanyoyin binciken tarihin agogo

Bincike yana farawa daga lambobi. Yawancin agoguna suna da lambar samfuri, wadda ke nuna nau'insa, da lambar jeri, wadda ta keɓanta da shi kaɗai, da lambar injin. A tsofaffin Rolex ana samun lambar samfuri da ta jeri a gefen gidan agogon, wurin da maɗauri ke rufewa, ɗaya ta wajen ƙarfe 12, ɗaya ta wajen ƙarfe 6. Lambobin jerin kamfanin sun kai 999,999 a wajajen 1954, sai aka sake ƙirga daga ƙasa, saboda haka lamba guda tana iya nuna zamani biyu, kuma dole mai bincike ya nemi wata alamar da za ta raba gardama, kamar tambarin shekara da ake bugawa a cikin murfin baya.

Mataki na biyu shi ne kundin masana'anta. Longines yana riƙe da rajistar lambobin agogunansa tun daga 1867. Patek Philippe yana ba da takardar da aka ciro daga kundinsa, mai nuna shekarar ƙira da ranar sayarwa, ba tare da sunan mai saye ba. Rolex ba ya ba jama'a irin wannan takarda, don haka masu sha'awar agogunansa ne da kansu suka tattara jadawalin lambobi, ta hanyar kwatanta rasidai, takardun garanti da tsofaffin tallace-tallace.

Mataki na uku shi ne sanin masu yin sassa. Tsarin rarraba aiki na Jura ya daɗe har cikin ƙarni na 20, shi ya sa sunan da ke kan fuska ba ya nufin kamfanin ne ya ƙera kome. Tsohon Daytona yana ɗauke da injin Valjoux 72, injin Omega mai lamba 321 aikin Lemania ne, kamfanonin Singer da Stern sun yi fuskokin agoguna ga manyan gidaje da dama, Gay Frères kuma ya yi sarƙoƙin hannu. Gidan agogo na zinariya yana da hatimin hukuma da tambarin maƙerinsa.

Mataki na huɗu shi ne duba jikin kayan. An yi amfani da sinadarin radiyam don fuska ta yi haske da dare har farkon shekarun 1960, sannan aka koma tiritiyam, wanda ake nunawa da harafin T kusa da rubutun ƙasan fuska. Ƙarfin radiyam yana ɗaukar kimanin shekara 1,600 kafin ya ragu da rabi, na tiritiyam kuwa shekara 12 da 'yan watanni, don haka na'urar auna tururin nukiliya da fitilar gwaji suna tona asirin fuskar da aka sake wa fenti. Wannan bincike yana tono wani gefen tarihin da talla ba ta ambata: ma'aikatan da suka shafa radiyam, yawancinsu mata, wasu a ɗakunan gidajensu. Daga 2015 gwamnatin Suwizalan ta ƙaddamar da shirin bincika tsofaffin gidajen aiki da tsabtace su daga ragowar sinadarin.

Mene ne agogo na asali?

Agogon inji yana bukatar gyara lokaci zuwa lokaci. Ana canza gilashi, sifirin da makunnin wani, wani lokaci har da hannaye da fuska. Bayan shekara hamsin ana iya samun agogon da rabin sassansa ba su ne suka fito daga masana'anta tare da shi ba. Shin shi ne dai agogon farko?

Tambayar tsohuwa ce. Marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka adana suna maye gurbin duk katakon da ya ruɓe, har masana suka yi saɓani ko jirgin nan ne ko wani. A 1655 masanin falsafa Thomas Hobbes ya ƙara wa tambayar wuya: idan wani ya tattara tsofaffin katakan ya sake harhaɗa su, wanne ne jirgin Theseus a cikin biyun? Amsoshin sun kasu uku. Wasu sun ce abu yana zama shi ne saboda kayan da aka yi shi da su. Wasu sun ce saboda siffarsa da aikinsa. Wasu kuma sun ce saboda tarihinsa da bai yanke ba.

A duniyar agogo kowace amsa tana da mabiyanta. Masana'anta da mai gyara sun fi bin amsa ta biyu: burinsu agogo ya yi aiki ya yi kyau, saboda haka suna goge gida su sa sabuwar fuska. Mai tarawa ya fi bin ta farko da ta uku. A wurinsa gidan da ba a taɓa gogewa ba, da tabonsa, ya fi wanda aka goge har gefensa ya dushe, kuma baƙar fuskar da rana da danshi suka mayar ruwan ƙasa tana iya ninka farashi. Dalilin a fili yake: tabo da kodewa hujja ce cewa ba a taɓa kayan ba. Sai kuma wani nau'i, haɗin gambiza, wato agogon da aka harhaɗa daga sassa na gaske na agoguna dabam-dabam. Kowane sashe nasa na kamfanin ne, amma agogon a dunƙule bai taɓa fitowa daga masana'anta ba. A Nuwamban 2021 an sayar da wani Speedmaster na 1957 a kan sama da faran miliyan 3, kuma kamfanin Omega ne da kansa ya saya, sannan a 2023 ya sanar cewa agogon haɗe-haɗe ne.

Falsafa ba ta yanke hukunci guda a kan jirgin Theseus ba, kuma ciniki ba ya jiran ta yanke. Abin da ciniki ke bukata shi ne a faɗi abin da aka canza. Agogon da aka sake wa fuska aka kuma bayyana hakan kaya ne na halal mai farashinsa. Da an ɓoye, ya zama algus.

Isnadi da gaskiyar ciniki

Mai karatu da ya san ilimin hadisi zai gane salon wannan bincike, ko da yake darajar abin da ake bincikawa ta sha bamban nesa ba kusa ba. Malaman hadisi sun gindaya sharuɗɗa biyar kafin a kira ruwaya ingantacciya: sarƙar masu ruwaya ta sadu, kowannensu ya zama adali, ya zama mai kiyayewa, ruwayar kada ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi, kuma kada ta ƙunshi ɓoyayyiyar illa. Mai binciken agogo ma yana tambayar jerin hannuwan da agogon ya bi, da amincin dillalin, da ingancin takardunsa, da dacewar agogon da 'yan'uwansa masu lambobi makusanta, sannan yana neman aibin da ido ba ya gani sai an buɗe murfi. Tushen duka guda ne: da'awa ba ta karɓuwa sai da hujja, kuma sunan mai faɗa ba ya wadatarwa.

Shari'a ta yi wa wannan fage tanadi filla-filla. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kuma nesanta mai ha'inci daga tafarkinsa. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu, a Bukhari da Muslim, ya rataya albarkar ciniki a kan gaskiya da bayyana aibi. Daga irin waɗannan nassoshi malaman fiƙihu suka fitar da zaɓin aibi, wato haƙƙin mai saye na mayar da kaya idan ya gano illar da aka ɓoye masa. A tsohon agogo, sabon fenti a fuska ko sashen da aka ɗauko daga wani agogon aibi ne a ma'aunin shari'a, domin yana rage ƙima a wurin masana harkar, ko da ya ƙara wa kayan kyan gani.

Gwanjo kansa ya halatta a wurin mafi yawan malamai. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani ya ƙara. Haka nan yabon kaya da abin da babu shi, da ƙirƙirar labarin cewa wani shahararre ne ya taɓa ɗaura agogon. Tunda tarihi ne ake biya wa kuɗi, ƙarya a tarihin daidai take da tauye mudu.

Ado ko israfi

Ko da cinikin ya tsarkaka, tambaya mafi nauyi tana nan: ya dace mutum ya tara agogo goma ko hamsin alhali hannu ɗaya yake ɗaura wa?

Alƙur'ani bai haramta ado ba. Aya ta 31 da ta 32 na Suratul A'arafi sun haɗa umarnin yin ado da hanin wuce iyaka, suka kuma yi inkari ga mai haramta ƙawar da Allah ya fitar wa bayinsa. A Sahihu Muslim, da wani ya ce mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, an amsa masa cewa wannan ba girman kai ba ne, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. A ɗaya gefen, Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, ta yi kakkausan gargaɗi ga masu almubazzaranci, Suratul Furƙan aya ta 67 ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro, Suratut Takasur kuma gaba ɗayanta gargaɗi ce kan gasar tarawa. Malamai da yawa sun bambanta israfi, wato wuce gona da iri a abin da ya halatta, da tabziri, wato kashe dukiya a inda bai dace ba, kuma sun bayyana cewa israfi yana bin halin mutum: abin da ya zama ɓarna ga mai bashi da iyali a wuya yana iya zama matsakaici ga mawadaci.

Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya kasa maslahohin ɗan Adam gida uku: larurori, bukatu da abubuwan ƙawatawa. Tsohon agogo yana rukuni na uku, kuma ƙa'ida ita ce na ƙasa ba ya ture na sama. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kai maganar ga zuciya: a wurinsa gudun duniya yana tabbata ne da rashin rataya zuciya ga abin hannu, kuma son matsayi a idon mutane cuta ce da ta fi son dukiya ɓoyuwa. Linjila ma ta yi wannan gargaɗi a Matta sura 6, aya 19 zuwa 21, kan tara dukiyar da asu da tsatsa ke ci, da kuma misalin mai arzikin da ya faɗaɗa rumbunansa a Luka sura 12. Masanin tattalin arziki Thorstein Veblen ya bayyana a 1899 yadda masu hali ke sayen kaya masu tsada don a ga sun iya saye.

Masu kare harkar suna da hujjoji na gaske. Bukatar masu tarawa ce ta riƙe sana'ar gyaran agogon inji bayan rikicin batir, ta kuma sa kamfanoni suka tsara kundayensu. Binciken masu sha'awa ya cike giɓin da masana'antu suka bari. Gidajen tarihi irin su babban gidan tarihin agogo na La Chaux-de-Fonds, wanda aka buɗe gininsa na yanzu a 1974, da na Patek Philippe a Jeniba na 2001, sun buɗe wannan ilimi ga kowa, kuma a 2020 UNESCO ta sa gwanintar ƙirar agogon inji cikin al'adun duniya da ake karewa. Gyara abu a ci gaba da amfani da shi shekara saba'in ya fi kusa da tattali fiye da saye a yar. Masu suka ma ba su rasa hujja ba: dukiya ce a kulle cikin akwatin banki, ga mabukata a ƙofa, sha'awa ce da ba ta ƙoshi, domin kowane samfuri yana da ɗan'uwan da ya fi shi wuyar samu, tana kuma cin lokaci, wanda hadisin Tirmizi ya ce za a tambayi bawa a kansa tare da dukiyarsa, daga ina ya samo ta, a ina ya kashe ta. Ibn Khaldun ya hango ɓangarorin biyu tun ƙarni na 14, da ya nuna cewa sana'o'i ba sa kai wa matuƙar kyau sai inda ake da masu neman kayan ƙawa, kuma jin daɗin da ya wuce kima shi ke raunana al'umma.

Saboda haka adadin agoguna ko farashinsu kaɗai ba ya yanke hukunci. Ma'aunai huɗu ne ke yankewa: halaccin kuɗin da aka saya da shi, sauke haƙƙoƙin da suka gabata kamar ciyar da iyali, biyan bashi da zakka, niyyar mai tarawa, da kuma amfanin da ilimin ya yi wa wasu. Niyya tana ɓoye, amma tana da alamu. Mai son sana'ar yana jin daɗin agogo mai araha idan injinsa nagari ne kuma tarihinsa a bayyane yake. Mai son a gani kuwa ba ya kallon kome sai sunan da mutane za su gane daga nesa.

Zinariya, zakka da gado

Yawancin tsofaffin agoguna masu tsada na zinariya ne mai karat 18, wato kashi 750 cikin 1,000. Mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcin ɗaura zinariya ga namiji Musulmi, kuma malaman wannan zamani sun shigar da agogon zinariya cikin hukuncin, tare da halatta shi ga mace a matsayin ado. Agogon ƙarfe ba ya cikin wannan hani kome tsadarsa, sai dai ma'aunin israfi ya hau kansa.

Game da zakka, kayan amfanin kai ba su da zakka, kuma agogon ƙarfe da aka saya don ɗaurawa ko ajiya, ba da niyyar ciniki ba, yana cikin wannan rukuni. Wanda aka saya don sayarwa kayan kasuwanci ne. Malikiyya sun bambanta mudiri, mai jujjuya haja kullum, wanda zai ƙiyasta kayansa duk shekara ya fitar da ɗaya bisa arba'in, da muhtakiri, mai ajiye haja yana jiran farashi ya tashi, wanda zai fitar da zakkar shekara guda sa'ad da ya sayar. Sauran mazhabobi suna wajabta ƙiyasi kowace shekara. Zinariyar da ke jikin agogon namiji kuwa tana shiga lissafin zakkar zinariya idan ta kai nisabi, kimanin giram 85, ita kaɗai ko haɗe da sauran abin da ya mallaka na kuɗi.

Gado shi ne inda wannan batu ya fi taɓa gidajen Hausawa, domin agogunan Suwizalan irin su Rado da Omega sun shigo ta hannun 'yan kasuwa da alhazai, kuma wasu na nan cikin kayan mamata. Agogo dukiya ne da ake rabawa bisa kason magada, ba ya zama na babban ɗa don girmansa, kuma wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yin ta ga magaji sai da yardar sauran. Adalci yana bukatar a ƙiyasta shi a wurin wanda ya san harkar, domin agogo biyu masu kama da juna suna iya bambanta a ƙima ninki goma saboda fuska ko lamba. Rasidi, kwali da takardar garanti ɓangare ne na ƙimar, bai kamata a raba su da agogon ba. Wanda yake son tarinsa ya zauna wuri guda don amfanin masu koyo yana da hanyar waƙafi ko kyauta tun yana raye.

Daga duk wannan ana iya rarrabe rabi biyu na harkar. Binciken tarihin ƙira neman ilimi ne na halal, ba ya bukatar mallaka mai yawa, kuma yana kare masu saye da magada daga zamba. Tarawa kuwa halal ce a asalinta, amma halaccin yana tsayawa ne muddin kuɗin mai tsarki ne, haƙƙoƙi sun sauka, namiji ya nisanci ɗaura zinariya, kuma an faɗi gaskiyar kowane agogo ga duk wanda zai karɓe shi, mai saye ne ko magaji.